Kankanar Da Baba Ya Rufe Da Gidan Sauro

Masu karatu, ku gyara zama, yau zuciyata a cike take. Na ga saƙonninku, masu cewa na cika jan rai, wai in faɗa muku kawai ko an yi auren ko ba a yi ba. Ku yi haƙuri da ni, labarin ne ba ya faɗuwa da baki ɗaya. Ga wadda yau ta fara shigowa: ni ce Auta a gidanmu, mu biyu Mama ta haifa, ni da Yaya. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida da lambun da ke bayan gidan. Mai Famfo kuwa shi ne saurayin da ya zo gyaran injin ban-ruwan lambun. A wuni ɗaya ya gama gyaran, amma ya yi ta dawowa wai yana duba lafiyar inji, har injin ya gaji da dubiya. Sunan da na sa masa a wayata ke nan har yau.

Ranar da zan ba ku labarinta ita ce ranar da mahaifiyarsa, Hajiya, za ta zo gidanmu ta gan ni karo na farko.

Tun da safe ina goge teburin falo na ji ƙamshin turarena ya cika gida. Na ɗaga kai, sai ga Yaya a bakin ƙofa. Ta sa leshinta mai ruwan ganye, wanda Baba ya saya mata a shekararsa ta ƙarshe, ta kafa ɗankwali a karkace, jan baki ya ɗan wuce iyaka ya hau kumatu. Turaren nawa kuwa, wanda nake lallaɓawa kamar ƙwai, ta yi wanka da shi.

"Ƙanwa, na yi kyau?"

"Kin fi amarya ma. Wa ya ba ki turarena?"

"Na ara," ta ce, ta ƙyalƙyale da dariya har idanunta suka rufe. "Baƙi za su zo. Ni zan kai kankana."

Bari in gaya muku wace ce Yaya. Ta girme ni, amma tsayinta a kafaɗata ya tsaya. Fuskarta a zagaye, idanunta 'yan ƙanana masu ɗan ɗagawa ta gefe, harshenta da nauyi, sai ka saba da ita za ka kama maganarta duka. Tana ƙarama likita ya ɗebi jininta ya auna, ya zaunar da Baba ya yi masa bayani. Ya ce a cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu 'yan zarurruka da ake kira kuromozom, su ne ke ɗauke da tsarin yadda mutum zai kasance. Yawancin mutane arba'in da shida gare su, bibbiyu bibbiyu. Yaya tana da arba'in da bakwai, wuri ɗaya ya zo da uku maimakon biyu. Baba ya dawo gida ya ce wa Mama, "Ashe ba ragi aka yi mana ba, gyara aka yi mana." Daga ranar shi dai Gyara yake kiranta, kamar yadda mai tumatir ke ƙara maka ɗaya a kan abin da ka saya.

Ban gama goge teburin ba na ji sallamar Gwaggo, yayar Baba. Gwaggo ba ta shiga gida a hankali, mayafinta ma faɗa yake yi da ƙofa. Ta dubi labule, ta shafa kujera da yatsa, ta dubi Yaya daga sama har ƙasa, sannan ta ja ni da Mama zuwa kicin.

"Na yi magana da mai tasi, bayan azahar zai zo. Wannan yarinyar gidana za ta wuni, sai baƙi sun tafi a dawo da ita."

Mama ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke. Ta ce, "Gwaggonsu, ranar wanka ai ba a ɓoye cibiya."

"Yau ba ranar wanka ba ce, Maman Auta, ranar gani ce! Matar nan ta shigo ta ga galahanga a falo, abin da za ta fara tunani shi ne jikokinta. Ku bari a ɗaura tukuna, in ya so kowa ya san kowa. Ke Auta, ƙarya na faɗa? Yaron ma na san ra'ayinsa ke nan."

Na so in ce mata ba ta san shi ba. Mai Famfo da Yaya abokai ne, har gaisuwarsu ta musamman gare su: su tafa, su haɗa babban yatsa, ta ce "Famfo!" ya ce "Ruwa!" Na zaro wayata don in nuna wa Gwaggo hotonsu tare, sai na tarar saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, kin tashi lafiya? Da la'asar za mu iso. Ni zan tuƙo su, amma a mota zan jira."

Na yi murmushi. Wani saƙon ya biyo baya.

"Wata alfarma. Hajiya mace ce mai yawan tunani, ban yi mata maganar Yaya ba tukuna. In da hali, kar a fara da wannan yau. A hankali zan shigar mata da ita, wallahi."

Jama'a, sau nawa na karanta saƙon nan ban sani ba. Ba zagi a ciki, ba raini, har da ranki ya daɗe. Amma sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi a baya. Ina son mutumin nan, ba zan yi muku ƙarya ba, son da har in na ji ƙarar inji a lambun maƙwabta gabana faɗuwa yake. Na rubuta "To," na tura. Gwaggo ta karanci fuskata ta ce, "Kin gani ko?" Mama ta ajiye kofin ta fita.

Na ɗauki wuƙa na nufi lambu, wai zan zaɓo kankana. Gaskiyar magana, wurin kuka na je nema.

Lambun nan komai nasa Baba ne. Tsohuwar hular ganyensa na nan a rataye a jikin bishiyar lemo, ba wanda ya iya cire ta. Ga rijiyar da ya yi wa murfi da ƙofar tsohuwar mota, ga bencin da ƙafarsa ɗaya bulo ce. Na zauna a kan bencin ina kallon layukan kankana, layin masu duhun baya, sai layin masu zane-zane, sai kuma masu duhun baya. Sai na tuna shekarar da ba a haka aka dasa su ba.

Ina firamare lokacin. A wancan zamanin in an yi sallama a gidanmu, Yaya ɗakin baya ake kaiwa. Shawarar Gwaggo ce, wai don kar bakin mutane ya kama ta. A ba ta alewa da ƙaramar rediyo, a ja ƙofa. Ni ce ma ake aika in kai mata alewar. Ba ta kuka, sai dai in an buɗe ka same ta tsaye daidai bayan ƙofa, kunnenta a jikin katako.

A shekarar ne malamin gona ya kawo wa Baba sabon iri, kankanar da ba ta da ƙwaya a ciki. Ƙunshi biyu ya ba shi, babba da ƙarami, ya ce a shuka su tare, ya hau babur ɗinsa yana sauri. Baba ya buɗe ƙaramin ya ga irin kankanar da ya saba ne, mai ƙwaya. Ya ce, "Kai, wannan malami! In haɗa mai daraja da gama-gari, ta shafa mata ƙwaya?" Ya kai gama-garin can ƙarshen lambu, bayan rijiya. Sabuwar kuwa ya ware mata wuri, ya kafa sanduna, ya tattaro duk gidan sauron da ke gidanmu ya ɗinke su ya rufe ta ruf, ko ƙuda ba ya shiga. Mu muka sha cizon sauro a wannan shekarar, Mama tana mita, Baba yana cewa mu yi haƙuri, in ta nuna za mu manta.

Kullum da safe sai ya ɗaga gefen gidan sauron ya leƙa, kamar mai duba jariri. Ta yi yaɗo, ganye kore shar, ta yi fure rawaya gwanin sha'awa. Furen ya bushe ya zube, wani ya fito, shi ma ya zube. Ko ɗa ɗaya ba ta ɗaura ba. Ta bayan rijiya kuwa, wadda ba a kula da ita, har ta fara nuna.

Da malamin gona ya dawo ya ga gidan sauro a tsakiyar lambu, sai da ya sauka daga babur ya riƙe ciki don dariya. Ina tsaye ina riƙe da butar Baba, ina jin su.

"Baba, wa ya ce ka yi mata lalle ka killace ta? Wannan ai ba ta haihuwa ita kaɗai. Kankanar da ka sani kuromozom ashirin da biyu gare ta, kashi biyu. Wannan talatin da uku ne, kashi uku, shi ya sa ba ta iya yin ƙwaya, garin furenta ma ba ya aiki. Sai an dasa gama-gari a gefenta, ƙudan zuma ya ɗebo garin fure daga can ya kawo mata, sannan ta ɗaura. Kai kuma ka raba su, ka hana ƙudan shiga."

Baba bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Me ka ce sunan abin? Kuro me?"

"Kuromozom."

"Na taɓa jin sunan nan a bakin likita. Wato ita ma ƙari gare ta?"

Da malamin ya gane inda Baba ya dosa, sai dariyarsa ta ɗauke. Ya ce ba daidai suke ba, ita kankana kashi guda cur aka ƙara mata, shi kuwa mutum zare ɗaya ne tak, kuma tsiro yana ɗaukar irin wannan ƙarin fiye da yadda jikin mutum ke ɗauka. Baba ya ce, "Na ji, Malam. Ni dai ƙari na ji ka ce."

Bai jira malamin ya tafi ba ya fara tumɓuke sandunan. Ya naɗe gidan sauron ya ɗora min a ka, ya ce in kai wa Mama in ce ta yafe masa. Ya biyo ni cikin gida, ya wuce kai tsaye ɗakin baya, don an kai Yaya can saboda zuwan malamin. Ya buɗe ƙofar, ya kama hannunta, ya fito da ita har gaban baƙon.

"Malam, ga babbar 'yata. Gyara, gai da Malam."

Har yau ina ganin yadda ta ƙanƙance ido saboda hasken rana, da alewa a kumatunta. Daga ranar ba a sake ja mata ƙofa ba. Gwaggo ta yi fushi ta ɗauke ƙafa, ta gaji ta dawo. Shekarar da ta biyo baya Baba ya dasa su layi da layi, ƙudan zuma ya yi ta kaiwa da komowa, muka ga kankana har muka rasa inda za mu sa. Ya yanka ta farko, ja wur, ba ƙwaya ko ɗaya, ya ɗora a faranti ya miƙa wa Yaya. Ya ce daga yau duk baƙon da ya shigo gidan nan, ita za ta kai masa. Ni kuma ya ja kunnena da wasa ya ce, "Ke ce gama-garin, a gefenta aka dasa ki. Kar in ji kin koma bayan rijiya." Na yi fushi a ranar, wai an ce min gama-gari. Yanzu da zan sake jin muryarsa, ko me ya kira ni zan amsa.

Hon ɗin mota ne ya dawo da ni. Na ƙwanƙwasa wata mai duhun baya, ta amsa da muryar nunanniya, na yanko ta na rungumo.

A ƙofar gida na same su. Mai tasi ya zo, Gwaggo ta riga ta shiga gaba, Yaya na baya ita kaɗai. An ba ta leda da biskit a ciki. A kan cinyarta kuwa farantin nan ne na Baba, mai furanni a baki, ta riƙe shi da hannu biyu. Ashe ta ƙi yarda ta shiga sai da shi.

Na leƙa ta taga. "Yaya, gidan Gwaggo za ki ɗan je, anjima ki dawo."

Ta dube ni, ta dubi kankanar da ke hannuna.

"Ɗakin baya ne?"

"A'a, gidan Gwaggo."

"Na sani," ta ce a hankali. "Ɗakin baya ne mai nisa. Ƙanwa, ba zan yi surutu ba. In kai kawai in fito."

Wayyo Allah. Masu karatu, na ɗauka ta manta, shekaru nawa! Ashe tana sane da komai, ta san abin da alewa da biskit ke nufi. Na ajiye kankanar a ƙasa, na buɗe ƙofar motar.

"Sauko."

"Auta!" Gwaggo ta juyo. "Kina hauka ne? Aurenki za ki kashe da hannunki saboda kai faranti?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri. In sai an ja mata ƙofa za a yi auren, to a bar shi."

 Mama na tsaye a zaure, ban san lokacin da ta fito ba. Ta zo ta gyara wa Yaya ɗankwali, ta lakace jan bakin da ya hau kumatu da gefen mayafinta, ta sallami mai tasi. Gwaggo ta fito tana cewa babu ruwanta, in ta kwaɓe kar a neme ta. Amma ba ta tafi ba, Gwaggo ba ta barin kallo ya wuce ta.

Na sa doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, kwalli kawai na iya sawa. Ban gaya wa Mai Famfo komai ba. Da la'asar suka iso, Hajiya da wata ƙanwarta. Doguwar mace ce Hajiya, da farin gilashi, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da wulaƙanci. Na durƙusa na gaishe su. Aka yi ta tambaya, karatu, aiki, wa ke kula da lambun. Ta ce, "Madalla, 'yata." Har na fara samun numfashi.

Sai labule ya motsa. Yaya ta shigo da sallamarta mai nauyi, faranti a hannu, tana takawa a hankali yadda Baba ya koya mata, harshenta a ɗan waje saboda kula. Ta durƙusa gaban Hajiya.

"Sannu da zuwa. Ki ci. Ba ƙwaya. Irina ce, Baba ya ce."

 Ƙanwar Hajiya ta dubi Hajiya, Gwaggo ta dubi silin.

"Wannan fa?" in ji Hajiya.

"Yayata ce, Hajiya, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. "Ki gafarce ni, 'yata, ni ba na iya kwana-kwana. Abin a jininku yake?"

Na ce mata an auna jinin Yaya tun tana ƙarama, likita ya ce nata ba irin wanda ake gado ba ne, ƙarin zare ɗaya ne da kan faɗo wa kowane gida. Na ce in tana so ni ma a auna ni, ba na tsoro. Sannan na ƙara abin da ba ta tambaya ba, na ce duk gidan da zan zauna, ƙofarsa a buɗe take ga Yaya, kuma ba ta baya ba.

Hajiya ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki yanka ɗaya, tana riƙe da shi. Ni dai kaina a ƙasa yake, ban ga abin da ta yi da shi ba. Ba su daɗe ba suka miƙe.

Mun rako su ƙofar gida ke nan, Yaya ta hango motar. Kafin in riƙe ta ta wuce ni da gudu, da yankan da ta ɓoye masa a hannu.

"Famfo!"

Yana zaune a mazaunin direba, gilashi a rufe. Na ga ya dube ta, ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni. Yaya ta tsaya a jikin ƙofar, ta ɗaga hannu tana jiran a tafa. Wallahi a wannan tsayuwar na ji na tsufa. Na ce a raina, in bai buɗe ba, ko Hajiya ta yarda ni na fasa.

Ƙofar ta buɗe. Ya fito, ya tafa, ya haɗa babban yatsa da nata. Ya ce, "Ruwa. Ina wuni, Yaya."

Hajiya ta tsaya da hannu a kan murfin mota.

"Ashe ka san ta."

"Na san ta, Hajiya. Tun farko."

"Ka san ta, ka bar ni na shigo gidan mutane ina raba ido kamar baƙuwar kasuwa. Shiga mu tafi, da ni da kai ne."

Suka tafi. Gwaggo ta ce, "To, ga shi nan, an yi abin da ake so," ta ja mayafinta ita ma ta wuce. Na koma falo na zauna a ƙasa, waya a cinyata. Na duba, ba komai. Na sake dubawa, ba komai. Har aka kira magariba ko "mun isa" bai turo ba, shi da ko kwanar gidanmu ya sha sai ya turo.

Yaya na gefe tana tattara farantinta. Ita ba ta yarda kowa ya wanke mata shi. Ta ɗaga yanka ɗaya ta ajiye, ta ce na Gwaggo ne, ba ta ci ba. Ta ɗaga wani, na ɗayar baƙuwar, gutsira ɗaya. Wayar ta yi haske a cinyata, lambar da ban sani ba, tana ta ƙara, na kasa ɗagawa. Yaya ta matso ta sa min wani ɓawo a gaban ido, an ƙwalƙwale shi tas har fari.

"Ƙanwa, duba. Mai gilashi ta cinye nata. Ɗaga mana, ƙila ƙari take so."